Na'urar da na kafa don ta ceci shagon Alhaji ita ta tsayar masa da ciniki rabin yini

Goma saura na safe manajan shagon ya kira ni, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce "Injiniya komai ya tsaya fa, kwamfutar kashiya ta ƙi fitar da rasit, ga mota biyu a ƙofa 'yan dako sun zauna suna kallonmu." Na ce wuta aka ɗauke? Ya ce wace wuta kuma, ai mun fi sati ba mu ga ƙyallinta ba, inji muke kunnawa kuma lafiyarsa ƙalau. Lokacin duhun nan ne na watan Oktoba 2024 da Arewa ta yi kwana da kwanaki ba lantarki, kowa a Kano ya san yadda aka sha, har ruwan leda mai sanyi sai da ya zama abin nema.

Shagon sarin kayan masarufi ne a kasuwar Singa, shinkafa, sukari, taliya, man girki, madara, sabulu, irin su dai. Ba zan faɗi sunan mai shi ba, Alhaji kawai za mu ce. Kwastomominsa da yawa daga ƙauyuka suke zuwa, wasu daga Jigawa da Katsina, wasu har Nijar, kuma yawanci ba da kuɗi a hannu ake ɗaukar kaya ba, a ɗauka yau a cika kuɗi wani satin. Saboda haka dukiyar Alhaji mai yawa tana hannun mutane ne, kuma shaidarta kaf tana cikin rumbun bayanai guda ɗaya, manhajar rumbun ita ce PostgreSQL 15 a kan tsarin Ubuntu, a wata kwamfuta da ke ƙarƙashin benen shagon kusa da katan-katan ɗin tumatir. Wani yaro ne ya rubuta musu manhajar, yaron yana da ƙoƙari gaskiya, amma bakof ɗinsa, wato kwafin ajiya don tsautsayi, shi ne kullum da daddare a yi pg_dump, umarnin da ke juye rumbun cikin fayil ɗaya, a ajiye fayil ɗin a kan faifan da rumbun yake. Ka ɗauki makullin sifiya ka kulle a cikin ɗakin kenan.

Alhaji da kansa ya neme ni tun kafin nan, kuma ba ruwansa da wani turancin kwamfuta, gobara yake tsoro. Ya ga ta kasuwar Sabon Gari ta 2016 da idonsa, ya ga ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022, ya ce min "Injiniya, buhu in ya ƙone a sayo wani, amma in littafin bashi ya ƙone wa zai zo ya ce ana binsa?" Na ba shi labarin kamfanin OVH da gininsu na ajiye sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe bayanai, ya ƙone a Sitirasbog ta Faransa a watan Maris 2021, mutanen da bakof ɗinsu yake wuri ɗaya da sabarsu suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ya ce to ka gani, Turawan ma.

Abu na farko da na fara yi masa, tun ba a sayi na'ura ta biyu ba, shi ne kunna ajiyar WAL. Ga wanda bai sani ba, PostgreSQL kafin ya taɓa ainihin tebur sai ya fara rubuta canjin a wani kundi da ake ce wa WAL, kamar yadda yaron shago ke fara rubuta ciniki a ƙaramin littafi kafin da yamma a shigar a babba. Kundin nan fayil-fayil ne, kowanne mega 16. Na sa archive_mode, na sa duk fayil ɗin da ya cika a kwafe shi zuwa wani faifan waje, kuma da yake Alhaji ya ce shi ko sisi ba ya son ya rasa, sai na sa archive_timeout a daƙiƙa 60, ma'ana duk minti ɗaya a rufe fayil a kwafe ko ya cika ko bai cika ba. Ku riƙe wannan sittin ɗin, za mu dawo kanta.

Bayan wata biyu aka sayo kwamfuta ta hannu a titin Bairut na nan Kano, aka ce a kai ta sitonsa na Sharaɗa ta zama ta ko-ta-kwana, wato ta jira mai riƙe kwafin rumbun. Na zaɓi Sharaɗa ne don nisanta da Singa ya isa a ce gobara ɗaya ko ambaliya ɗaya ba za ta haɗa su ba, ga sola da imbata a wurin, ga mai gadi dare da rana. Wani abokina ya ce me ya sa ba za ka kama hayar saba a Turai ka huta ba, na ce masa ka tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka rikice? Ranar da shago ya ƙone ba na so a ce bayanan suna nan lafiya amma a wata ƙasa, mu kuma ba hanyar isa gare su. Ga biyan dala kowane wata, wanda Alhaji da jin sa ya yamutsa fuska.

Sai muka zo kan tambayar da ita ce ainihin aikin, sauran duk danne-danne ne. Na ce "Ranka ya daɗe, hanya biyu ce. Ko dai duk rasit ɗin da kashiya zai buga ya jira sai Sharaɗa ta ce ta karɓa sannan ya fito, a nan ba za ka rasa komai ba, amma ranar da sabis ya ɗauke a Sharaɗa to Singa ma ta tsaya cak. Ko kuma Singa ta ci gaba da aikinta, Sharaɗa tana biye da ita a baya da daƙiƙa ɗaya ko biyu, in tsautsayi ya zo ana iya rasa cinikin 'yan daƙiƙun nan." Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce "A'a, ciniki ba ya tsayawa. A yi ta biyun." Mutumin da ya ce ko sisi. Kuma daidai ya zaɓa, don da na'urar jira guda ɗaya tak a kan layin 4G, duk wanda ya cika synchronous_standby_names, saitin da ke kunna hanyar farko, ya ɗaure wa kansa igiya a wuya ne. Na bar shi fayau.

Haɗin kansa bai da wahala. Intanet ɗin shago yana da adireshi tsayayye da ake biya, na Sharaɗa kuma rawta ce mai sim, to sai na haɗa su da WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin kwamfutoci ta intanet, ɓangaren Sharaɗa ne ke kira, na sa masa PersistentKeepalive 25 don kar hanyar ta yi barci. Ƙofar 5432, wadda ta nan ake shiga PostgreSQL, ban buɗe wa duniya ba, kuma don Allah kar wanda ya buɗe. Na ƙirƙiri asusu na daban mai izinin REPLICATION kawai, na sa layi ɗaya a pg_hba.conf, fayil ɗin da ke faɗin wa zai shiga, da ya yarda da adireshin Sharaɗa shi kaɗai. wal_level ba sai ka taɓa ba, tun siga ta 10 yana kan replica, max_wal_senders ma goma ne daga gida.

Kwafin farko ne ya ba ni ruwa. Rumbun wajen gig 12 ne, na gwada pg_basebackup, mai kwafe rumbun gaba ɗaya, ta kan 4G sau biyu, duk biyun ya yanke a hanya, shi kuma in ya yanke daga farko yake komawa. A na uku na ce wahalar banza nake, na ɗauko kwamfutar na kawo ta shago na jona da waya, kafin in gama shan shayi ta gama. Na yi amfani da -R don ya rubuta standby.signal da primary_conninfo da kansa, tunda daga siga ta 12 an daina recovery.conf, kuma har yau ina ganin yara suna bin tsofaffin bayanai suna ƙirƙirar fayil ɗin sannan su rasa me ya hana sabar tashi. Na ƙara -C da -S don a buɗe mata gurbi, abin da ake kira replication slot. Daga nan na naɗe ta da bargo na rungume a adaidaita sahu, muka bi ta Ƙofar Nasarawa, duk ramin da direba ya faɗa sai gabana ya faɗi. Da na jona a Sharaɗa na duba pg_stat_replication a Singa na ga streaming, na buga rasit ɗin gwaji ya bayyana a can kafin in ɗago kai. Na karɓi kuɗina na tafi gida ina jin kaina.

Gurbin nan alkawari ne babbar saba ke yi wa ta jira, cewa ba zan yar da shafi ko ɗaya na WAL ba sai kin karɓa. Yana da amfani ƙwarai a gari irin namu da sabis ke zuwa yana tafiya, don in babu shi, ta jira in ta daɗe ba ta nan za ta dawo ta tarar an share abin da take buƙata. Matsalar ita ce alkawarin ba shi da iyaka sai in kai ka sa masa. Akwai max_slot_wal_keep_size tun siga ta 13, amma daga gida yana kan -1, wato riƙe har abada. Na san da shi. Ban sa ba. Ba wani dalili, mantuwa ce da gaggawa.

To mu koma safiyar nan. Na isa Singa da ƙyar, na durƙusa ƙarƙashin bene da fitilar waya, kwamfutar tana kunne fanka tana juyawa, amma PostgreSQL ya mutu. Na buɗe log na ga PANIC da "No space left on device". Faifan gig 120 ne, ranar da na bar shi akwai sarari wajen gig 60, yanzu ya cika maƙil, kuma kusan duk ƙarin a cikin pg_wal, foldar da WAL ke zama. Fayiloli dubbai, kowanne mega 16, jere reras. Nan take na gane Sharaɗa ta daɗe ba ta karɓa ba, Singa kuma tana ta cika alkawari har ta shaƙe kanta.

Yaron da ya rubuta manhajar ya riga ni zuwa, yana tsaye a kaina ya ce "Yaya ba log ba ne kawai? mu share su mana." Wallahi da na makara da minti goma da ya share. Wannan kuskuren tsoho ne, har shi ya sa a siga ta 10 aka canza wa wurin suna daga pg_xlog zuwa pg_wal, saboda mutane suna ganin log a sunan sai su ɗauka shara ce. In ka share su da hannu bayan sabar ta faɗi, ka share abin da za ta karanta ta miƙe kenan, rumbun yana iya ƙin tashi sam ko ya tashi da ɓaraka a ciki. Na ce masa cire hannunka daga kibod ɗin nan tukuna. Abin da muka yi shi ne neman sarari a wani wurin, kuma abin dariya tsofaffin pg_dump ɗinsa da nake yi wa tsiya su suka cece mu, na kwashe su zuwa faifan waje aka samu gig takwas. Na tayar da PostgreSQL ya gyara kansa ya miƙe. Na duba pg_replication_slots, gurbin Sharaɗa active ɗinsa f, wato ba kowa a kai.

A nan sai da na tsaya na yi lissafi. Ko in je in tayar da Sharaɗa ta janye gig 60 ta layin sim, wanda zai ɗauki kwanaki ya cinye data, faifan Singa kuma yana bakin cika duk tsawon lokacin, ko in rushe gurbin in sake kwafin gig 12 daga farko. Ba sai an yi dogon tunani ba. Na kira pg_drop_replication_slot, na bi shi da CHECKPOINT, ina kallo sarari ya dawo. Wajen sha biyu da rabi rasit na farko ya fito. Amma kafin a shigar da cinikin da aka yi ta rubutawa a takarda tun safe, a daidaita da kayan da suka fita, an kai la'asar, mota ɗaya kuma ta gaji ta tafi wani shagon.

Da yamma na tafi Sharaɗa. Kwamfutar a kashe, filoginta a ƙasa, a soket ɗin kuma wata doguwar waya ce mai baki shida cike da wayoyin hannu da fitilu masu caji. Baba mai gadi ya taso ya ce "Sannu da zuwa ɗana." Na ce "Baba wa ya cire wannan?" Ya ce shi ne, ko ɓoyewa bai yi ba. Tunda aka shiga duhu unguwar kaf nan ake kawo caji, batir ba ya kai dare, shi kuma ya ga wani akwati yana ta ƙugi ba talabijin a jikinsa ba mai zama a gabansa, ya ce wannan shan wuta kawai yake, gara a bar wa ƙwan tsakar sito. In ka duba ta wajensa gaskiyarsa ce, ba wanda ya taɓa gaya masa mene ne akwatin. Ni da na kafa ko sallama ta kirki ban tsaya na yi masa ba ranar.

Amma kwana shida na kasuwa ya za a yi shago ɗaya ya haifar da WAL gig 60? Cinikin bai kai haka ba ko kusa. Sittin ɗin nan ce. Duk minti ɗaya da aka yi rubutu ana rufe fayil a buɗe sabo, kuma fayil ɗin da aka rufe da wuri girmansa mega 16 ne cif ko da rasit ɗaya ne a ciki, sauran fanko. Mega 16 sau 60 ya ba ka 960 a awa, awa goma na kasuwa kusan gig goma a yini, kwana shida ga sittin ɗinka. Na sa ta ne lokacin da ba na'urar jira, da aka kawo na'urar ya kamata in sassauta, ban koma kanta ba. Kuma a nan na gane wani abu da ya ba ni kunya, datar rawtar Sharaɗa da ke ƙarewa kamar ana zuƙa, wadda har na ce wa manaja yaran sito ne ke kallon TikTok, ashe fankon fayilolina ne ke bin layi. Sai da na nemi yafiyarsu.

Na faɗa wa Alhaji komai yadda yake. Ya ce "Wato maganin ne ya kwantar da mara lafiyar." Na ce haka ne ranka ya daɗe. Ya ce kar a taɓa Baba, a gyara.

Gyaran ga shi. max_slot_wal_keep_size na sa gig 20, in Sharaɗa ta ɓace har abin ya wuce haka, Singa za ta karya alkawarin, gurbin ya koma lost, ciniki ya ci gaba, ni kuma in sake ɗaukar bargo da adaidaita. Na gwammace haka sau dubu. archive_timeout ya koma minti 15, wato mega 64 a awa in dai cinikin bai fi haka ba, gig ashirin ɗin zai kai kusan wata kafin ya cika. Ajiyar WAL ɗin ma na mayar da ita hannun pgBackRest don yana matse fayilolin, fanko kuwa in aka matse shi ba ya zama komai. A BIOS na na'urar Sharaɗa na sa ta kunna kanta duk lokacin da wuta ta dawo. Na saya wa Baba wayar caji tasa daban a wani soket, na naɗe filogin kwamfutar da salatif ja, na zauna na yi masa bayani cewa littafin bashin Alhaji ne a cikin akwatin nan. Ya dafe kai ya ce "Innalillahi, ai da an faɗa min."

Babban giɓin dai shi ne kwana shida ba wanda ya sani. Na rubuta ɗan sikirif da ke dubawa duk minti biyar, in gurbin ya yi minti talatin ba kowa a kai, ko faifai ya wuce kashi 70, saƙo ya shigo min a Telegram ya shiga wayar manaja. Sannan kullum bayan asuba yana turo "lafiya lau" tare da tazarar da ke tsakanin sabobin biyu, don shi ma mai tsaron yana iya mutuwa shiru, ranar da ban ga gaisuwar asuba ba na san akwai magana.

Akwai wani abu da na daɗe ina gaya wa masu shaguna ba sa ganewa sai sun gani. Na'urar jira ba ta da hankali, abin da uwar ta yi shi take yi. In ka share tebur a Singa, kafin ka ce wayyo ta share a Sharaɗa. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin manhaja na GitLab yana ƙoƙarin gyara irin wannan kwafin ya share rumbun babbar saba a zatonsa ta jira ce, wajen gig 300, suka rasa bayanan kusan awa shida, kuma su manya ne masu ma'aikata. Saboda haka da na sake gina Sharaɗa sai na sa recovery_min_apply_delay awa uku. Yadda yake aiki yana burge ni, WAL ɗin yana isa Sharaɗa nan take ya zauna a faifanta, aiwatarwar ce kawai ake jinkirtawa, to in gobara ce bayanan sun riga sun tsallaka, in kuma ɓarnar hannu ce kana da awa uku ka tare ta. Sharaɗinsa agogon na'urorin biyu ya zama daidai, don da agogo ake lissafin jinkirin, kwamfutar hannu kuma batirin agogonta sau da yawa a mace yake zuwa, na canza shi na kunna chrony mai daidaita agogo. Asararsa ɗaya, akanta da yake son ya riƙa duba rahoto daga Sharaɗa yanzu abin awa uku baya yake gani, ya yi ta ƙorafi, na ce ya yi haƙuri.

Ana gab da azumi abin ya yi rana. Farashi ya motsa, yaron manhaja ya shiga da hannu zai gyara kuɗin buhun sukari, ya manta WHERE, kalmar da ke taƙaita gyaran ga kaya ɗaya. Komai na shagon ya koma farashi ɗaya, katan ɗin ashana kuɗin buhun sukari, jarkar mai kuɗin buhun sukari. Kashiya ne ya fara ihu. Yaron ya kira muryarsa na rawa, "Yaya na yi ɓarna." Na ce ƙarfe nawa ka danna? ya ce minti ashirin da suka wuce. Daga inda nake na shiga Sharaɗa na kira pg_wal_replay_pause, na fitar da teburin farashi shi kaɗai da pg_dump tunda ta jira tana yarda a karanta, muka mayar a Singa, rasit huɗu da aka buga a kan kuskure aka soke, sannan na sake ta ta ci gaba, ta aiwatar da ɓarnar a lokacinta ta aiwatar da gyaran a bayanta. Abin da za a kiyaye a irin wannan, kar ka kuskura ka ɗaga ta jira ta zama babba don kana son tsohon bayani, don da ka ɗaga ta za ta watsar da jinkirin ta karanta duk WAL ɗin da ke hannunta, har da ɓarnar.

Gwajin gobara kuma wata Lahadi muka yi, kasuwa ba cika. Na zare filogin Singa da gangan Alhaji yana zaune yana kallo. A Sharaɗa pg_promote, umarnin ɗaga ta jira ta zama babba, bai ɗau komai ba, awa ukun da ke jira ta karance su cikin ƙasa da minti, rasit na ƙarshe yana nan. Sai dai ba wanda ya iya shiga. A Ubuntu fayilolin saiti suna /etc/postgresql ne, ba sa cikin abin da pg_basebackup ke kwafewa, pg_hba.conf na Sharaɗa bai san kwamfutocin kashiya ba. Na gyara wannan sai ga wata, adireshin sabar Singa a rubuce yake cikin manhajar kanta, sai da yaron ya sake haɗa ta. Hotunan takardun ɗaukar kaya kuma ashe a wata folda suke ba a rumbun ba, ko ɗaya bai tsallaka ba, yanzu manhajar kwafe fayiloli ta rsync ke kai su duk dare. Manaja ne ma ya yi tambayar da ta fi tamu, ya ce in da gaske wuta ce ai kwamfutocin kashiyan ma sun ƙone, da me za mu buga rasit? Shiru muka yi. Yanzu akwai tsohuwar laftof da firinta a kabad ɗin Sharaɗa da manhajar a kai. Gwajin farko ya ci awa biyu da wani abu, na biyu bai kai minti ashirin ba.

Dawowa ma aiki ce. Da zarar Sharaɗa ta zama babba, tsohuwar ta Singa ba za ta koma aiki haka kawai ba, in ta tashi wani kashiya ya buga rasit a kanta an samu littafin bashi biyu kenan, kowanne da gaskiyarsa, kuma ba manhajar da za ta haɗa maka su sai mutum ya zauna da biro. Shi ya sa a takardar da na manna a bango layin farko shi ne a zare wayar netwok daga tsohuwar kafin a taɓa komai. Akwai pg_rewind mai mayar da tsohuwa ta zama mai jira, na kunna wal_log_hints saboda shi, amma a rumbun gig 12 sabon kwafi ya fi min kwanciyar hankali. Kuma ban sa wani abu mai ɗaga ta jira da kansa ba, a layin da ke yankewa sau da yawa a yini zai riƙa ganin mutuwa inda ba a mutu ba. Mutum ne zai yanke hukunci, ni ko manaja, bayan an kira Alhaji.

Abin da ya rage har yanzu kwafi na uku a wajen Kano. Singa da Sharaɗa gari ɗaya ne, duhun Oktoba ya nuna abu ɗaya yana iya taɓa su tare. Alhaji bai yarda da biyan dala ba tukuna, abin da muka tsaya a kai shi ne faifan waje biyu ana musanya su duk Alhamis, ɗaya yana kwana a gidansa, a kulle da fasawod tunda sunaye da lambobin wayar mutane ne a ciki, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Sau ɗaya a wata ina ɗauko shi in dawo da rumbun a kan laftof ɗina in ga ko zai tashi, sau ɗaya ya ƙi, ashe wayar faifan ce ta lalace.

Baba kuwa yanzu ya fi sikirif ɗina sauri. Kwanaki wajen biyun dare wayata ta yi ƙara, na ɗauka a firgice, ya ce "Ɗana, akwatin Alhaji fitilarsa ta daina ƙiftawa." Na duba ta waya, komai lafiya, kasuwa ce a rufe ba abin da ake rubutawa. Na ce Baba barci yake, da safe zai ci gaba. Ya ce to, shi dai zai ja tabarmarsa kusa da shi.